Kaboyi da agana: wa za a harba a babin ƙarshe?

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan zaure. Littafin nan na kaboyi da nake ta ba ku labari ya kusa kai ƙarshe, amma na cije. Ga yadda yake a taƙaice. Shekarar 1876 ce, a wani ƙaramin gari na masu haƙar zinariya a yankin Dakota ta Amurka. Agana ta ɓarke. Mutane suna ta mutuwa, likita ɗaya ne a garin, shi ma mashayi. Jarumina sherif ne, wato shugaban masu tsaron doka na gari, ya bi diddigi har ya gano cewa mai gidan caca ne ya sa aka shigo da barguna masu ɗauke da cutar, don masu ramukan zinariya su mutu ya gaje wuraren. A babin ƙarshe su yi fito-na-fito a tsakiyar titi, sherif ya harbe shi, gari ya samu lafiya. Na karanta wa matata, ta ce “to ita aganar, ita ma harsashin ne ya kashe ta?” Tun daga nan na kasa ci gaba. Ku taimaka.

Ɗan Kaboyi: Kai, wannan ai ya yi! Me kake nema kuma? Bos ya mutu, akta ya hau doki. Rabu da Madam, ba ta san harkar ba.

Anti Nas: Madam ɗinka ta fi ka gaskiya, ƙanena. Kafin mu je ga harbi, kwana nawa labarin naka ya ɗauka daga shigowar bargunan zuwa babin ƙarshe?

Mai Alƙalami: Mako guda, Anti. Litinin aka raba barguna, Laraba aka fara binne mutane.

Anti Nas: To nan ne gizo ke saƙar. Agana ba ta gaggawa haka. In mutum ya kamu yau, sai ya yi kwana 10 zuwa 14 yana yawonsa garau, yana ci yana sha, ba shi da labari, kuma a wannan lokacin ba ya shafa wa kowa. Sannan zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, da ciwon kai, da ciwon baya mai tsanani, kwana biyu zuwa huɗu. Bayan nan ƙuraje su fara fitowa a cikin baki da maƙogwaro, su bi fuska, su bi hannuwa da ƙafafu har tafin hannu da tafin sawu. A fuska da gaɓoɓi suka fi yawa, ciki da ƙirji da sauƙi, abin da ke bambanta ta da ƙarambau ke nan. Daga fitowar na baki ne mutum yake zama haɗari ga na kusa da shi, har sai ɓawon ƙarshe ya faɗi, wajen mako uku. Wanda zai mutu galibi a mako na biyu na ciwon yake tafiya, kuma cikin mutum goma da suka kamu, kusan uku ne ke mutuwa. Wanda ya tashi ya tashi da zanzana a fuska, wani ma da makanta.

Ka ga in an raba barguna Litinin, ranar Laraba kowa yana gidan caca yana buga kartarsa. Gawar farko sai bayan mako uku ko fiye.

Ɗan Kaboyi: Anti, wa zai zauna yana ƙirga kwanaki a littafin kaboyi? Ba jarrabawar makarantar koyon jinya ba ce.

Anti Nas: Ni zan ƙirga. Kuma ba don in ɓata masa labari na faɗa ba. Kwanakin nan da cutar ke ɓoye a jiki su ne abin tsoron. Ranar da sherif ya ga mai ƙuraje na farko, cutar ta riga ta shiga jikin wasu, ba wanda ya san su wane ne, su kansu ba su sani ba. Ko ya harbe Bos da azahar, waɗanda suka kamu shekaranjiya suna nan tafe.

Malamin Tarihi: Mai Alƙalami, garin da ka siffanta akwai shi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Deadwood ke nan, a cikin duwatsun Black Hills. A 1874 ayarin sojan Amurka ƙarƙashin kwamanda Custer ya shiga duwatsun ya ba da labarin zinariya, mutane suka kwarara, zuwa 1876 kwazazzabon ya cika da dubban mutane, tantuna da rumfunan katako. A watan Agustan shekarar agana ta shiga garin, har aka kafa tantuna a gefe ana killace marasa lafiya.

Amma akwai matsala da jaruminka. A Agustan 1876 babu sherif na hukuma a garin, domin garin kansa haramtacce ne. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa 'yan ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, duwatsun, don haka dokar yankin Dakota ba ta da hurumi a can. Shi ya sa da Jack McCall ya harbe Wild Bill Hickok, wani shahararren ɗan bindiga, a mashaya ranar 2 ga Agusta, masu haƙa ne suka haɗa kotunsu ta jeka-na-yi-ka suka sake shi. Daga baya aka ce wannan shari'a ba ta da tushe, aka sake yi masa wata a Yankton, hedkwatar yankin Dakota a lokacin, aka rataye shi a Maris ɗin 1877. Seth Bullock, wanda ya zama sherif, sai a 1877 aka naɗa shi, bayan majalisar Amurka ta ƙwace duwatsun.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kafin a naɗa sherif na hukuma, hukumar da mutanen garin suka fara kafa wa kansu kwamitin lafiya da tituna ne, saboda aganar nan, kuma Bullock yana ciki. Mutumin a lokacin ɗan kasuwa ne, kayan ƙarfe da na haƙa yake sayarwa.

Mai Alƙalami: Malam, wato jarumina mai shago ne ba mai tauraro a ƙirji ba?

Malamin Tarihi: Littafinka ne, kana iya matsar da shekarar gaba ka ba shi tauraronsa. Amma ni da zan zaɓa, na fi son mutumin da ba wanda ya naɗa shi, ya tsaya a ƙofar gidan wani ya ce fito da ɗanka mu kai shi tanti. Da wane iko? In uban ya ɗauko bindiga fa?

Baban Sadiya: Ku yara kun tuna mini da. Mu da muka kalli kaboyi a sinimomin Kano muna samari, ba mu taɓa ganin akta ya yi zazzaɓi ba, ko mura. A harbe shi a kafaɗa ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Amma agana mun san ta ido da ido. Ga tabon lamba nan a damtsena har yau. In masu lamba suka shigo unguwa, wasu iyaye ɓoye yara suke yi a rumbu ko ƙarƙashin gado. Wanda kuma yake da mai ciwo a gida, tsoron duba-gari ya fi tsoron ciwon, don kada a ɗauke masa shi a kai bayan gari. Ba mugaye ba ne, iyayenmu ne. Uwa tana ganin in an fita da ɗanta ba za ta ƙara ganinsa ba, kuma sau da yawa hakan take faruwa. Mai Alƙalami, sa irin wannan uwar a littafinka. Turawan ma uwaye suka haife su.

Mai Alƙalami: Allah ya ƙara girma, Baba. Na rubuta.

Hajiya Mai Sharhi: Ni tambayata daban ce. Ka ce Dakota, ka ce 1876. A watan Yunin shekarar ƙabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka Custer da sojojinsa a Little Bighorn. Ina masu ƙasar a littafinka? Ko irin na fim ne, su fito kan tudu da gashin tsuntsu su yi ihu a harbe su? Kuma ka ɗauki labarin barguna, wanda a tarihi su aka yi wa, ka mayar da shi kan Turawa masu haƙa. Wannan bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Mai Alƙalami: Hajiya, akwai su a babi na biyu, sun tare keken doki.

Hajiya Mai Sharhi: Abin da nake gudu ke nan.

Ɗan Agadas: Ina goyon bayan Hajiya. Kuma maganar barguna ba ƙage ba ce. Turawa sun yi ta raba wa Indiyawan Amurka, 'yan asalin ƙasar, barguna masu cuta, da haka suka ƙarar da su.

Malamin Tarihi: Mu bi a hankali, ɗan'uwa. Wanda aka tabbatar a rubuce shi ne na Fort Pitt a 1763, lokacin Ingila ce ke mulki. An ba wakilan ƙabilar Delaware barguna biyu da hankici daga asibitin masu agana, wani William Trent ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa yana fatan abin ya yi aiki. Janar Amherst na sojan Ingila ma ya rubuta wasiƙa yana ba da shawarar irin haka. Wannan ba mai musu. Amma annobar da ta fi yin ɓarna a yankin da Mai Alƙalami yake magana, ta 1837, ba ta wannan hanyar ta zo ba. Jirgin ruwa ne na kamfanin fatu, sunansa St. Peter's, ya hau kogin Missouri da mai ciwo a ciki. An nemi kyaftin ya sauke shi ko ya tsaya, ya ƙi, don yana da kayan da zai kai kuma ruwan kogi ba ya jiran kowa. Jirgin ya isa Fort Clark a watan Yuni. Ƙabilar Mandan da ke zaune a wurin, mutum wajen 1,600 ko fiye, kafin shekara ta zagayo ba su kai 150 ba.

Sannan ka ƙara da wannan. A 1832 majalisar Amurka ta ware dala 12,000 don yi wa 'yan asalin ƙasar rigakafi, amma aka tsame ƙabilun saman Missouri daga shirin, har da Mandan.

Ɗan Agadas: To Malam, meye bambancin? Wanda ya ba ka guba da wanda ya hana ka magani yana kallo, duk kisa ne.

Malamin Tarihi: A wajen Allah ban san yadda za a auna su ba. A wajen marubuci akwai bambanci babba. Mai raba bargo mutum ɗaya ne, ka harbe shi ka huta. Kyaftin ɗin jirgi kuwa bai yi niyyar kashe kowa ba, lissafin riba kawai ya yi, kuma duk wanda ke cikin zauren nan da yake da kaya a hanya ya san irin wannan lissafin.

Hajiya Mai Sharhi: Ni ban yarda a wanke kyaftin da sunan lissafi ba. Da garin Turawa ne a gabansa, da ya tsaya.

Malamin Tarihi: Wataƙila. Ban wanke shi ba, Hajiya, cewa na yi ya fi Bos ɗin Mai Alƙalami ban tsoro.

Alhaji Na Kwari: Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa muku yadda mai gidan cacan nan zai yi tunani. Ba zai kashe masu haƙa ba, su ne kwastomominsa. Mataccen mutum ba ya buga karta, ba ya shan giya. Abin da zai yi shi ne, ranar da ɗaya daga cikin matan da ke masa aiki ta kwanta da zazzaɓi, ya kai ta ɗakin sama ya kulle, ya ce wa likita ga kwalba, ka ce ƙyanda ce. Domin in labari ya kai garin Cheyenne cewa akwai agana, keken doki ya daina kawo baƙi, masu kawo gari da wake su juya, farashin rami ya faɗi. Kuma ba shi kaɗai ba, mai otal da mai shago da mai jarida duk za su taya shi rufa-rufa, ba tare da sun zauna sun ƙulla ba. Lokacin korona mun gani da idonmu, mutum yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ya ce maleriya ce, don kada a rufe masa shago.

Mai Alƙalami: Alhaji, wallahi ka ba ni babi uku kyauta.

Alhaji Na Kwari: Ba kyauta ba ne, kwafi biyu za ka aiko mini.

Ustaz Ƙarami: Ina son in ƙara wani abu kan batun hana fita. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudun ta. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Kowa yana riƙe rabin farko, don yana da sauƙi. Rabi na biyu ne mai nauyi: kana da lafiya, kana da doki, hanya a buɗe, a ce ka zauna. Mutanen garin nan ba Musulmi ba ne, ban ce a sa musu hadisi a baki ba. Amma mai karatunka Bahaushe ne, da wannan ma'aunin zai kalli duk wanda ya sulale da dare.

Ɗan Kaboyi: Jama'a, kun mayar da littafin kaboyi wa'azi da darasin tarihi. Ni dai in na sayi littafi da hoton mai malafa da bindiga a bango, na buɗe na tarar da kwamiti yana taro kan tanti, kuɗina zan nema. Mutane suna karanta irin wannan ne don a ƙarshe mugu ya ga sakayya. A duniya ba ma gani, a littafin ma a hana mu?

Hajiya Mai Sharhi: Wannan karon ka faɗi abin ji. Ni ma ba na son littafin da za a gama ba a hukunta kowa ba.

Anti Nas: Ba wanda ya ce a jefar da bindigar, ɗana. A canza inda za ta nuna. Ka ɗauka an tare bakin kwazazzabo, an sa gungume a hanya, jarumi yana tsaye. Wanda ya zo wucewa da asuba ba Bos ba ne, amininsa ne, da matarsa da jaririya a keken shanu, duk lafiyarsu ƙalau a ido. Jarumin ya san kwana shida da suka wuce matar ta yi jinyar maƙwabciyarta. Amininsa ya ce matsa ko in bi ta kanka. To harba ko kada ya harba?

Ɗan Kaboyi: ...To. Wannan kam zan karanta. Amma Bos ma a harbe shi daga baya.

Mai Alƙalami: Anti, maganar rigakafi fa? A 1876 akwai shi? Ina tunanin in aika wani yaro a kan doki ya je ya ɗauko.

Anti Nas: Akwai. Tun 1796 Edward Jenner ya nuna cewa ruwan ƙurjin shanu yana kare mutum daga agana. Ba allura ake yi ba irin ta yanzu, fatar damtse ake ɗan karcewa a shafa. A zamanin labarinka a busasshe ake aika shi, a kan 'yan tsinkayen hauren giwa ko a matsayin ɓawon ƙurji, kuma zafi yana kashe shi. Yaronka yana iya yin sukuwar kwanaki a watan Agusta ya dawo da abin da ba ya aiki, ba kuma za a gane ba sai an jira kwanaki an ga damtse bai tashi ba. In ya kama a jikin mutum ɗaya, ana iya ɗiba daga ƙurjinsa a yi wa na gaba, hannu zuwa hannu. Sannan wanda aka yi wa cikin kwana uku ko huɗu da haɗuwarsa da mai ciwo yana iya tsira, ko ciwon ya zo masa da sauƙi. Saboda haka in ya iso kaɗan ne, rigimar ita ce wa za a fara yi wa. Masu kuɗi za su ce su. Hankali kuwa cewa zai yi waɗanda suka kewaye mai ciwo, ko da matan gidan caca ne.

Malamin Tarihi: Kuma dabarar nan ta bin na kewaye da mai ciwo, a gabashin Najeriya Dokta William Foege ya gwada ta a ƙarshen 1966, da rigakafin ya yi musu ƙaranci. Ita aka bi har aka ga bayan cutar. Mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a gari ɗan Somaliya ne, a 1977, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta kawar da ita a 1980. Kada dai likitanka mashayi ya yi magana kamar ya san wannan duka. A 1876 likitoci da yawa har lokacin gurɓatacciyar iska da wari suke zargi. Zai ƙona ƙibiritu a ɗaki, ya sa a ƙone kayan shimfiɗa, a rataya ƙyalle rawaya a ƙofa. Daga Deadwood zuwa Cheyenne kuma tafiyar mil wajen 300 ce, jirgin ƙasa bai iso garin ba sai 1890.

Baban Sadiya: Wa zai yi jinya a tantin? Kada ku manta da wannan. A zamaninmu wanda ya taɓa yi ya tashi shi ake sa wa, don ba ta kama mutum sau biyu.

Malamin Tarihi: A Deadwood mutanen garin sun daɗe suna ba da labarin cewa Calamity Jane ta yi jinyar masu agana. Mace ce mai shan giya, mai shigar maza, wadda matan kirki ba sa gaisawa da ita. Labaranta da yawa an yi musu gishiri, wasu ita da kanta ta ƙara, amma wannan shi ne alherin da aka fi tuna ta da shi. Ta mutu a 1903, an binne ta kusa da Hickok a maƙabartar Mount Moriah.

Hajiya Mai Sharhi: To ga shawara, Mai Alƙalami, ka haɗa maganar Baba da tawa. Mai jinyar ta zama tsohuwa 'yar Mandan, wadda tana ƙaramar yarinya a 1837 ta tashi da zanzana, danginta duk suka tafi. A 1876 tana da shekara arba'in da 'yan kai, wataƙila aure ko aikin wanki ya kawo ta garin. Ita kaɗai ce za ta iya shiga tantin ba fargaba. Ka bar ta ta yi tunanin ko ta shiga ko kada ta shiga, kuma kada ka sa ta yafe da wuri. In ma ta shiga, ta faɗi kuɗinta.

Ɗan Agadas: Kuma in gari ya rikice, ita za su fara zargi da kawo cutar. Ko 'yan Sin masu wanki.

Malamin Tarihi: Haka aka yi a San Francisco a shekarar ta 1876, da agana ta ɓarke unguwar 'yan Sin aka ɗora wa laifi, aka bi gidajensu da hayaƙi.

Mai Alƙalami: Kun rushe mini rabin littafi, amma na gode. Ga inda na tsaya: barguna sun fita, ɗakin sama na Alhaji ya shiga. Sherif ya koma mai shago. Gungumen Anti yana nan. Tsohuwar Hajiya ma, sai dai ina jin tsoron rubuta ta, ban san al'adunsu ba, sai na yi karatu. Abin da ban yanke ba shi ne mai gidan cacan. Zuciyata tana son aganar ta kama shi.

Anti Nas: Irinsa shi ne zai fara sayen rigakafin, a ɓoye, kafin kowa ya san ya iso.

Ɗan Kaboyi: Shi ya sa na ce a harbe shi!

Hajiya Mai Sharhi: Ko matar da ya kulle a sama ta tashi, ta sauko da fuskarta a buɗe ana tsakiyar caca. Ka ga ko akwai wanda zai ƙara taka gidan.

Alhaji Na Kwari: Zai canza wa gidan suna ya sa wani a gaba, Hajiya. Wata biyu an manta.

Mai Alƙalami: Zan rubuta duka biyun in kawo ku zaɓa. Babin gungume zai fara zuwa, ranar Juma'a in sha Allah.

Anti Nas: Turo mini ta akwati kafin ka saka a zaure, da jadawalin ranar da kowa ya kamu.